Ranar da Muryar Rediyo ta Dishe

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar da kowa yake kira Rediyo. Yayanta ne ya laƙaba mata wannan suna, kuma ya bi ta har makaranta. Dalili kuwa, bakinta ba ya hutawa da waƙa. In tana wanke-wanke, waƙa. In tana shara, waƙa. Ko haƙora take gogewa, sai ka ji tana ƙunƙuni da buroshi a baki.

Kuma ba kowace waƙa take yi ba, sai ta Tartsatsi. Tartsatsi wata ƙungiyar mawaƙa ce masu kiɗan zamani da jita da ganga, irin kiɗan nan mai ƙara da ke sa mutum tsalle bai shirya ba. Shugabarsu wata doguwar mata ce mai jar jita, kuma ita ce mawaƙiyarsu. Rediyo ta manna hotonta a bango, daidai saman gadonta.

Ta haddace waƙoƙinsu kaf. Ta san inda jita take shiga. Ta san inda mai ganga yake tsayawa. Har inda mawaƙiyar take jan numfashi ta sani.

Yaya yakan ce, "Da haka kike haddace lissafi, da tuni kin zama farfesa."

Ita kuma sai ta ce, "Ai lissafi ba shi da amshi, Yaya."

Wata rana Malamar kiɗa ta shigo ɗakin da 'yan ƙungiyar waƙa ta makaranta suke atisaye. Fuskarta cike da murmushi.

Ta ce, "Yara, albishirinku. Tartsatsi za su zo garin nan."

Rediyo ta daka tsalle har kujerarta ta kife.

Malama ta ce, "Ɗaga kujerar ki zauna, ban gama ba. Duk garin da suka je, sukan gayyaci yaran makaranta su hau dandamali su yi waƙar ƙarshe tare da su. A wannan karon mu suka zaɓa."

Ɗakin ya kaure da ihu. Kowa ya san waƙar ƙarshen. Sunanta Buɗe Taga. A hankali take farawa. Jita ce kaɗai take kuka, sannan yaro ɗaya ya yi baitin farko shi kaɗai. Sai ya gama, ganga ta shigo, kowa ya kama.

Malama ta ce, "Saura mu nemo wanda zai buɗe mana waƙar."

Ta gwada yaran ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshe mutum biyu suka rage: Rediyo da abokiyar zamanta a benci, wadda ake kira Shiru-shiru. Shiru-shiru tana da murya mai daɗin gaske. Matsalarta ɗaya ce. In jita ta fara sai tsoro ya kama ta, ta kasa gane inda za ta shiga. Wani lokaci ta yi sauri, wani lokaci ta makara.

Rediyo kuwa ko daga barci aka tashe ta, ba ta kuskure wurin. Don haka Malama ta ba ta baitin.

Daga ranar kan Rediyo ya fara girma. Da aka fita hutun tara, ta dubi Shiru-shiru ta ce, "Kada ki ji haushi. Ai ke ba masoyiyar Tartsatsi ta gaskiya ba ce. Faɗa mini sunan waƙarsu ta farko in kin sani."

Shiru-shiru ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Ban sani ba. Amma ina son su."

"So ba a baki yake ba," in ji Rediyo, ta wuce tana hura hanci.

Maganar ta yi wa Shiru-shiru zafi sosai.

Ana gobe wasa, Malama ta tara su. Ta ce, "Ku buɗe kunnuwanku da kyau. Waƙarmu ce ta ƙarshe, don haka za ku zauna ku kalli wasan tun daga farko. Ku yi tafi. Ku yi rawa in kuna so. Amma ban da ihu, ban da bin waƙa da ƙarfi. Murya tana gajiya kamar yadda ƙafa take gajiya. Kun ji?"

"Mun ji, Malama!"

Malama ta dubi Rediyo ta ce, "Musamman ke. A bakinki waƙar za ta fara. In ba ki fara ba, babu wanda zai iya shiga."

"Kada ki damu, Malama. Ni muryata ba ta ƙarewa."

Washegari da rana Rediyo ta sa rigar makaranta da aka goge ta tsaf. Mama ta miƙo mata gorar ruwan ɗumi da zuma a ciki.

Ta ce, "Ki riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. Kuma ki tuna abin da Malama ta faɗa. Na san halinki, 'yata."

"To, Mama," in ji Rediyo. Amma maganar ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu.

Motar makaranta ta sauke su a ƙofar babban ɗakin taro. Rediyo ba ta taɓa ganin jama'a haka ba. Ga samari da 'yan mata sanye da riguna masu hoton jar jita. Ga iyaye da yara a kafaɗa. Ciki kuwa ya cika maƙil, ba masaka tsinke. Manyan lasifikoki sun fi Baba tsawo. Daga nesa ta hango Mama da Yaya suna ɗaga mata hannu.

Aka zaunar da 'yan makaranta a gefe, kusa da dandamali. Malama ta ce, "Zan je baya in ga yadda za mu hau. Ku zauna lafiya. Ku tuna fa." Ta ɗora yatsa a leɓenta, sannan ta tafi.

Can sai fitilu suka mutu. Wurin ya yi tsit. Sai ganga ta buga, dum! Rediyo ta ji bugun har cikin ƙirjinta. Fitilu ja da shuɗi suka haska. Ga mai jar jita tsaye a tsakiyar dandamali, ita da kanta, ba hoto ba.

Rediyo ta manta da Malama. Ta manta da Mama. Ta manta da gorar ruwa a ƙarƙashin kujera. Ta miƙe ta ƙwalla ihu iya ƙarfinta.

Mawaƙiyar ta kama makirufo ta ce, "Kuna nan?"

"Muna nan!" in ji jama'a.

Ta sa hannu a kunne ta ce, "Ba na jin ku!"

Rediyo ta ji kamar da ita kaɗai ake. Ta cika ƙirji da iska ta ce, "Muna naaan!" har jijiyoyin wuyanta suka tashi.

Shiru-shiru ta ja gefen rigarta. Ta ce, "Rediyo, Malama fa ta ce ban da ihu."

"Ba ki ji ta ce ba ta jin mu ba? So kike ta zaci ba ma son ta?"

"Amma baitinki..."

"Sakar mini riga! Ke ba za ki gane ba."

Aka yi waƙa ta farko, Rediyo ta bi ta daga farko har ƙarshe. Aka yi ta biyu, ta bi. Kiɗan yana da ƙara, don haka ita ma sai ta ƙara tata murya don ta ji kanta. Duk lokacin da mawaƙiyar ta ce ba ta ji, Rediyo ce kan gaba wajen amsawa. Ta yi tsalle, ta yi gumi, ta yi murna irin wadda ba ta taɓa yi ba.

Can ta ji maƙogwaronta yana ƙaiƙayi. Ta yi gyaran murya ta ci gaba. Sai ya fara zafi. Ta ce a ranta, bari wannan waƙar ta ƙare in huta. Amma wadda ta biyo baya ita ce ta fi so duka. Ina hutu!

Da wasa ya kusa ƙarewa, Malama ta dawo ta yafito su. Suka bi ta wata ƙaramar ƙofa zuwa bayan dandamali. Wurin duk wayoyin lantarki ne a ƙasa da manyan akwatunan kayan kiɗa. Daga nan ana jin kiɗan kamar daga cikin ɗaki.

Malama ta ce, "Waƙa ɗaya ta rage kafin tamu. Ku taho mu ɗumama murya. Kowa ya ce aaa."

Yara suka ce, "Aaa."

Rediyo ta buɗe baki. Babu abin da ya fito sai iska. Ta sake gwadawa. Sai wata 'yar ƙara ta fito, irin ta tsohuwar ƙofa. Muryarta ta dishe gaba ɗaya.

Babu wanda ya lura, don sauran yaran sun rufe ta da nasu muryoyin. Sai ta riƙa motsa baki kawai, kamar tana yi tare da su. Ta ce a ranta, ba zan faɗa ba. Wataƙila in na hau dandamali za ta dawo.

Amma Shiru-shiru tana kusa da ita. Ta raɗa mata, "Ba na jin muryarki."

Rediyo ta harare ta, amma idanunta sun riga sun ciko da ƙwalla.

Ta leƙa ta gefen labule. Ta ga dubban mutane. Ta tuna yadda waƙar take farawa. Jita za ta yi kuka, sannan ta yi shiru ta jira. Kowa zai zuba ido. In ba ta fara ba, ganga ba za ta shigo ba. 'Yan ƙungiyarsu za su tsaya cirko-cirko a gaban jama'a. Duk wahalar atisayen da suka sha za ta tashi a banza, kuma ita ce sila.

Ta daɗe tana mafarkin wannan baiti. Barinsa ya yi mata ciwo ƙwarai. Amma ta share hawaye, ta je ta taɓa hannun Malama.

Ta ce cikin raɗa, "Malama, muryata ta tafi."

Malama ta sunkuyo. "Me kika ce?"

"Na yi ihu. Tun daga farko nake yi. Ba zan iya ba."

Malama ta dafe kai. Ta ce, "Haba, Rediyo! Me na faɗa miki jiya?" Ta ja numfashi. "To, faɗa ba zai dawo da murya ba. Gara da kika faɗa yanzu, ba a kan dandamali ba. Wa zai buɗe mana waƙar?"

Rediyo ta nuna Shiru-shiru.

Shiru-shiru ta ja da baya. Ta ce, "Ni? A'a, Malama! Kullum sai na kuskure wurin shiga. Yau ma ga mutane."

Rediyo ta matso kusa da kunnenta, don raɗa kawai take iyawa. Ta ce, "Ki yafe mini abin da na faɗa miki. Muryarki ta fi tawa daɗi, na sani tun tuni. Ni kuma na san wurin shiga. Zan tsaya kusa da ke in riƙe hannunki. Kada ki saurari komai. Da kin ji na matsa hannunki, ki fara."

"In kika makara fa?"

Rediyo ta yi ɗan murmushi. "Ni? A waƙar Tartsatsi?"

Shiru-shiru ta dubi Malama. Malama ta ce, "Za ki iya, 'yata. Ni na san za ki iya."

Sai ga wani ma'aikaci da waya a kunne ya leƙo. Ya ce, "Malama, lokacinku ya yi."

Yaran suka hau dandamali a jere. Hasken fitila ya kashe musu ido. Jama'a suka yi ta tafi. Mai jar jita ta ce, "Ga manyan baƙinmu na yau!" Ta sauke makirufo daidai tsawon yara. 'Yan mata biyu suka matso gaba, hannunsu riƙe da juna.

Wurin ya yi tsit. Jita ta fara kuka a hankali. Shiru-shiru ta buɗe baki za ta fara, amma hannun Rediyo bai motsa ba, sai ta dakata. Jita ta hau sama, ta sauko, ta ja dogon sauti. Rediyo ta rufe ido tana bin sautin a zuciyarta. Da ya kai daidai wurin, ta matsa hannun ƙawarta da ƙarfi.

Shiru-shiru ta fara:

"Buɗe taga, rana ta fito,
Share ido, haske ya iso."

Muryar ta fito siririya, tas, babu rawa. Ta cika ɗakin har kujerun ƙarshe. Mai jar jita ta juyo ta dube ta da mamaki. Kafin Shiru-shiru ta rufe baki, ganga ta faɗo, dum! Yaran makaranta suka kama amshi gaba ɗaya. Jama'a suka miƙe tsaye, dubban bakuna suna waƙa ɗaya.

Rediyo ba ta iya rera ko kalma ɗaya ba. Hawaye suna zuba a kumatunta, amma bakinta har kunne. Tun da murya ta ƙi, sai ta sa hannu. Ta ɗaga hannuwanta sama tana tafi daidai da ganga. Yaran suka bi ta. Mutanen layin gaba suka bi. Kan ka ce me, duk ɗakin ya ɗauka, har dandamalin yana girgiza a ƙarƙashin ƙafarta.

Da waƙa ta ƙare, mawaƙiyar ta shiga tsakanin 'yan matan biyu. Ta kama hannun kowacce ta ɗaga sama. Ihun da jama'a suka yi ya fi na duk ranar.

A bayan dandamali yara suka rungume Shiru-shiru suna tsalle. Mai jar jita ta zo wucewa da tawul a wuya da kofi a hannu. Ta tsaya a gaban Rediyo.

Ta ce, "Na ga abin da kika yi da hannunki. Kin san waƙar nan sosai. Me ya hana ki rerawa?"

Rediyo ta nuna maƙogwaronta. Ta ce cikin raɗa, "Kin ce ba kya jin mu."

Matar ta fashe da dariya har ta kusa zubar da abin da ke kofin. Ta ce, "Ayya, ƙanwata! Ai da masu kallo nake, ba da masu aiki ba. Ni da kike gani, duk ranar da zan yi wasa, ko hira ba na yi da safe. Sai dai ruwan ɗumi." Ta nuna mata kofin. "Yau ke 'yar aikinmu ce. Gaba ki adana muryar, muna buƙatarta."

Ta dafa kanta, ta wuce. Rediyo ta bi ta da kallo, ta kasa ko motsi don daɗi.

A waje Mama da Yaya suna jira. Yaya ya ce, "Ya aka yi ne? Mun zo jin rediyo, sai muka tarar batir ya ƙare."

Mama ta ce, "Kai, ƙyale ta." Ta dubi 'yarta. "Kin yi ihu ko?"

Rediyo ta gyaɗa kai. Ta raɗa, "Ki yi haƙuri, Mama. Kin faɗa, Malama ta faɗa, ban ji ba."

"To me kika koya?"

"In an ba ni aiki, in riƙe shi tukuna, murna ta biyo baya. Kuma in manya sun ja mini kunne, in ji."

Malama, da take tsaye kusa, ta ce, "Saura ɗaya. Da kika yi kuskure ba ki ɓoye ba. Kin faɗi gaskiya da wuri, kin nemi gyara. Shi ya ceci waƙarmu yau."

Sai ga Shiru-shiru ta taho da gudu, abin da ba a saba gani ba. Ta ce wa Maman Rediyo, "Mama, kin ji ni? Ni ce na fara! A gaban mutanen nan duka!"

Mama ta ce, "Na ji ki, 'yata. Har tsigar jikina ta tashi."

Shiru-shiru ta rungume Rediyo ta ce, "Da ba ke, da ban iya ba."

Rediyo ta raɗa, "Ni ma da ba ke, da mun ji kunya."

Muryar Rediyo ta dawo bayan 'yan kwanaki, kuma gidan ya sake cika da waƙa. Ta rasa baitin da ta daɗe tana mafarki, wannan ba ya dawowa. Amma ta sami ƙawa ta gaskiya, ta kuma sami hankali.

Yara, son abu ba laifi ba ne. Amma kada murna ta sa ku manta da aikin da aka damƙa muku. Ku saurari iyaye da malamai. In kuma kun yi kuskure, ku faɗa da wuri, tun ana iya gyarawa.